Ciwon Suga: Ledar Asibiti ko Jarkar Mai Magani?

Baffana ya dawo daga asibiti da 'yar leda, a cikinta ƙwayoyin metformin na wata guda da katin da aka rubuta masa ranar komawa. Bai kwana uku ba sai ga wani abokin zamansa na majalisa ya aiko masa da jarka cike da ruwa baƙi ƙirin mai ɗan karen ɗaci, tare da saƙon cewa mai haɗa shi ya warkar da mutane ba adadi, kuma duk wanda ya shanye jarka uku ya yi bankwana da suga. Baffa ya tura su biyun ƙarƙashin gado ya sa aka kira ni. "To, ɗan boko," in ji shi, "ga leda ga jarka. Likita ya ce nasa sai ranar da na koma ga Allah zan daina sha. Wannan kuwa ya ce wata uku. In kai ne, wanne za ka ɗauka?"

Ban yi masa dariya ba, don tambayar ba ta wauta ba ce. Duk ɗan kasuwar da aka ba zaɓi tsakanin bashin da ba ya ƙarewa da na wata uku, na wata ukun zai ɗauka. Abin da ya rage shi ne a san ko alƙawarin gaskiya ne. Na shafe makonni ina tambayar masu aikin asibiti, ina karatu, ina kuma sauraron masu magani a rediyo da a bakin tasha, kuma abin da na tattaro shi nake son ajiyewa a nan ga wanda aka ɗora wa irin wannan zaɓi, a kansa ko a kan wani nasa.

Da farko dai a bar cewa faɗan tsakanin itace ne da maganin Bature. Wannan ita ce maganar da masu lasifika suka fi so, kuma ba ta da tushe. Metformin ɗin da ke cikin ledar Baffa, asalinsa daga wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis, wanda masu maganin gargajiyar can suka daɗe suna ba wa masu yawan fitsari. Da aka bincika sai aka tarar lallai akwai sinadarin da ke saukar da suga a cikinsa, amma yana da dafi, har tumaki yake kashewa in sun yi kiwo a kansa. Sai da aka yi ta sarrafa dangin sinadarin aka samo wanda jiki ke iya ɗauka, kuma wani likita ɗan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu suga a 1957. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau: Tu Youyou da abokan aikinta a Sin sun bi dubban haɗe-haɗen gargajiya, kusan duk suka faɗi a gwaji, kafin su ciro artemisinin daga wani ɗan uwan tazargade a farkon shekarun 1970. Ta samu lambar Nobel a kan haka a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na sikila, wanda akwai masoro da kanumfari da karan dafi a ciki, ta gwada shi a kan marasa lafiya, ya zama Niprisan. Ke nan ba a ƙi itace ba. Abin da ya raba leda da jarka shi ne, ɗaya an auna shi, an san abin da ke ciki da yawansa da illarsa, ɗayan kuwa sai abin da mai shi ya faɗa.

Mu ɗauki alƙawarin kowanne. Likita bai ce zai warkar da Baffa ba. Cewa ya yi zai riƙe masa sugan a inda ba zai ci masa ido da ƙoda da ƙafa ba. Magana ce mara daɗin ji, amma tana da shaida a bayanta. A Birtaniya an bi sawun masu suga sama da 5,000 a wani dogon bincike da aka fara a 1977 aka fitar da sakamakonsa a 1998. A cikin masu ƙiba da aka ɗora a kan metformin aka bi su kimanin shekara 10, mace-mace ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku in aka kwatanta da waɗanda aka bari a kan gyaran abinci kawai. An ƙirga waɗanda suka rayu, an kuma ƙirga waɗanda suka mutu. Wannan ƙirgen na biyu shi ne babu a wajen mai jarka.

Saurari shirin mai magani a rediyo da kyau. Ana buɗe layi, wani ya bugo daga Bichi, wata daga Haɗeja, kowa yana godiya, ya sha ya samu sauƙi. Ko da a ce duk masu bugowar na gaskiya ne, ba yaran shago ba ne, wanda ya sha bai ga komai ba ba ya ɓata katinsa ya bugo, wanda ƙodarsa ta tsaya yana kwance a gadon asibiti, wanda ya rasu kuma an yi masa sadakar uku an watse. Mai magani ba shi da littafin da yake rubuta mutum nawa suka saya da abin da ya same su bayan shekara biyu. Shi kansa bai sani ba. Da yawansu ban ɗauke su maƙaryata ba, sun gaji abin daga iyaye kuma sun yi imani da shi. Amma imanin mai sayarwa ba ya shiga jinin mai sha.

To me ya sa mutane suke jin sauƙi da gaske? A nan ne na fi daɗewa, don Baffa da kansa ya ji sauƙin. Ya ƙi jiran shawarata ya fara da jarka, kuma cikin mako biyu ƙishirwar ta ragu, tashin dare sau biyar ya koma sau biyu. Amma mai jarka ya haɗa masa da sharaɗi: babu lemon kwalba, babu shayi mai suga, a rage tuwo, a daina zuba suga a fura. Wannan sharaɗin ko da ruwan randa aka haɗa shi zai saukar da suga. Likita ma ya faɗa masa haka, sai dai shi a cikin minti uku ya faɗa, kansa a duƙe yana rubutu, mai jarka kuwa ya zauna ya yi masa bayani da hadisi da barkwanci.

Sannan akwai wani abu game da yadda ƙoda take aiki wanda duk mai suga ya kamata ya sani. Suga ba ya fara tsallakawa cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a jini, a ma'aunin mg/dL da yawancin 'yan na'urorinmu ke nunawa. Da ya tsallaka yake jan ruwa, shi ne yawan fitsarin da ƙishirwar, shi ne kiyashin da ke taruwa a makewayi. Mutum zai iya sauka daga 300 zuwa 170, fitsari ya ragu, kiyashi su watse, ya rantse ya warke, alhali ma'aunin da ake cewa mutum yana da ciwon suga shi ne 126 zuwa sama in an auna da safe kafin a ci komai. A tsakanin nan ciwon yake aikinsa shiru, shekara da shekaru, yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na tafin ƙafa. Jin daɗin jiki ba shaida ba ne a wannan ciwo. Akwai cututtukan da jiki ke gaya maka gaskiya. Suga da hawan jini ba sa cikinsu.

Da na sayo 'yar na'urar gwaji muka soki yatsan Baffa da asuba, bayan ya yi mako shida a kan jarka, 214 ta nuna. Ya ce na'urar ce ta Sin, ba ta da kyau. Na soki nawa a gabansa, 92. Ya yi shiru ya ce a bar shi ya yi lazimi.

Sai maganar abin da ke ciki. Ƙwayar metformin an rubuta mata 500mg, kuma in ba jabu ba ce, ta yau da ta wata mai zuwa duk 500 ɗin ne. Jarka kuwa ko mai ita mutumin kirki ne ba zai iya ba ka wannan tabbaci ba. Sassaƙen maɗacin da aka ɗebo da damina ba ƙarfinsa ɗaya da na rani ba, wanda aka tafasa awa guda ba ɗaya yake da na awa uku ba, kofin shan wani gida ya ninka na wani. Wannan in an yi sa'a ke nan. In ba a yi sa'a ba, an daka maganin asibitin ne an zuba a ciki don ya yi "aiki". Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama glibenclamide, wani maganin suga na asibiti, a cikin abin da aka rubuta wa "tsantsar itatuwa". A Singafo, a 2008, mutum 150 da ba su da ciwon suga aka kai asibiti sugansu ya faɗi warwas, da yawansu bayan shan maganin ƙarfin maza na bayan fage da aka cakuɗa da glibenclamide, huɗu daga ciki suka mutu. Glibenclamide magani ne na gaske, likitoci na bayar da shi, amma da awo da gargaɗi. Ka ɗauka kana shan shi daga asibiti, ga wani kuma a ɓoye cikin jarka, ka kwanta ba ka ci abincin kirki ba. Da safe a ce barci ya zarce.

Akwai kuma haɗin ciwon gaɓɓai da na ƙiba irin su "sha ka fashe", inda ake samun dexamethasone da danginsa. Waɗannan ɗaga suga suke yi. Mai suga da ke shan wani abu don ciwon gwiwa ya ga na'ura ta haukace, ya fara tuhumar wannan.

Baffa ya nuna mini wata kwalbar da aka ba shi daga baya, ya ce ai wannan da lambar NAFDAC. Gaskiya ne da lamba, amma a duba ƙarshenta. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'anarsa an yi musu rajistar wucin gadi bayan an duba cewa samfurin da aka kai ba guba ba ne. Ba a gwada ko yana warkarwa ba. Shi ya sa hukumar ta wajabta a rubuta a jikin kwalbar cewa ba ta tantance iƙirarin da ke kai ba. Rubutun na nan, da Turanci, da ƙananan haruffa, a ƙasan jerin cututtuka goma sha biyar. Jarkar farko kuwa ko suna ba ta da shi.

Wannan jeri ma abin lura ne. Maganin da ke warkar da suga da basir da sanyi da taifot da gyambon ciki da rashin haihuwa da raunin mazakuta, duk a kwalba ɗaya, ya kamata ya sa mutum ya riƙe aljihunsa. Waɗannan cututtuka ba hanyarsu ɗaya ba, wani ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wani jijiya ce ta kumbura, wani kuma jiki ne ya daina jin insulin, sinadarin da jiki ke yi don saukar da suga a jini.

Kada a ce na wanke asibiti. Metformin yana ɓata ciki, musamman a makonnin farko: gudawa, tashin zuciya, ɗanɗanon ƙarfe a baki. Baffa ya sha wannan, har ya ce mai jarka ya fi tausayi. Ana rage shi da farawa da ƙaramin awo da kuma shan sa a tsakiyar cin abinci. In an daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12, kuma wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ba a ba shi, shi ya sa ake gwajin ƙoda kafin a fara da kuma lokaci zuwa lokaci. Glibenclamide da allurar insulin suna iya faɗar da suga ƙasa da 70, mutum ya ji rawar jiki da zufa da jiri da muguwar yunwa, wani ma ya rikice kamar mai iska. Maganinsa a take shi ne suga cokalin shayi uku a ruwa ko rabin kwalbar lemo, in dai mutum yana iya haɗiya, sannan a bi da abinci. Duk waɗannan illoli ne na gaske. Amma an san su, an rubuta su a takardar cikin kwali, an san abin yi in sun zo. Jarka ba ta da takarda. In mai ita ya ce maganinsa "ba shi da illa ko kaɗan", fassararsa ita ce ba wanda ya taɓa dubawa. Kuma in ka koma ka ce gudawa ta kusa kashe ka, zai ce maka ciwon ne yake fita.

Ga kuma layi. Ka fita bayan asuba ka ga likita da azahar, in ba a shiga yajin aiki ba. Kuɗin magani ya tashi sosai tun daga 2023 da darajar naira ta zube, insulin da tsinken gwaji sun fi ƙarfin gidaje da yawa, ga jabu a kasuwa. Duk wanda ya ce talaka jahilci ne kawai ke kai shi wajen mai jarka bai taɓa tsayawa a tagar biyan kuɗi da katin tsohuwarsa a hannu ba. Mai magani yana bakin kasuwa, yana jin yarenka, yana kiran ka Alhaji, yana ragi, wani lokaci har bashi yake bayarwa. A wannan fanni ya ka da asibiti, kuma masu farar riga da yawa suna da abin koya a wurinsa.

Amma in lissafin kuɗi za a yi, a yi shi har ƙarshe. Metformin yana cikin magungunan suga mafiya araha, kuma jarka uku da aka yanka wa Baffa sun fi kuɗin ƙwayoyinsa na watanni masu yawa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kuɗin da ke zuwa daga baya. Suga da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yin sa a mako, kowane mako. Na ga gidan da aka sayar da fili, aka sayar da mota, aka koma neman taimako a masallaci. Irin wannan lissafi ba ya fitowa a watan farko da mutum ya ajiye ƙwaya ya kama jarka, sai bayan shekara biyar ko takwas, lokacin da ba wanda zai tuna da mai jarkar balle a tuhume shi.

Ƙafa kuwa ita ce inda zaɓin ya fi saurin nuna kansa. Suga in ya daɗe yana kashe jin tafin ƙafa. Mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ko ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta da hunturu ta ƙone bai ji ba, ko mai yankan farce ya ɗan yanke shi. Miki ya ƙi warkewa, sai a ce ya taka sammu ne, ko daji ne, kuma "daji ba ya son allura". A yi ta barbaɗa gari ana ɗaurewa, ana gudun asibiti don an ce can yanke ƙafa suke yi. Sai ƙafar ta yi baƙi ta fara wari a kwashe shi a kai, a lokacin kuma babu abin yi sai yankan, sai labari ya koma unguwa cewa ga shi nan, an faɗa. Mikin da aka kai a makon farko, sau da yawa wanki da maganin ƙwayoyin cuta da saukar da suga sun ishe shi. Duk mai suga da ya ga ciwo a ƙafa, ko da bai kai ƙwayar gero ba, wannan ba wurin gwada gari ba ne.

Akwai kuma inda babu ma zaɓi. Yaro ko matashin da ke da nau'in suga na ɗaya, jikinsa ya daina yin insulin gaba ɗaya. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, a fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa a watan Janairun 1922, irin waɗannan yara ba sa daɗewa, a duk duniya, duk da itatuwan kowace ƙasa. Wanda ya ce wa uwa ta dakatar da allurar ɗanta ta gwada nasa na mako biyu, kwanaki kaɗan sun isa yaron ya fara amai da numfashi sama-sama ya suma. Irin wannan umarni na "ajiye na asibiti" mun ga ƙarshensa a wata cutar. A 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka daina shan magungunansu, wasu suka mutu, waɗanda suka tsira kuma suka kai shi ƙara bayan ya bar mulki. Mu ma nan ba mu manta da daren ruwan gishiri na Ebola ba a watan Agustan 2014, da aka yi ta tashin mutane a waya su sha su yi wanka, har aka rasa rayuka.

In matsalar insulin rashin firji ce, wannan tana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi da Jami'ar Janiba, bisa yanayin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya ci lambar Rolex a 2000, tana sanyaya ta ƙasa da haka. A dai kiyaye ta daga rana da cikin mota.

Baffa ya kawo mini hujjar addini, kamar yadda na san zai kawo. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na ce haka ne, Baffa, amma hadisin bai ce maganin yana jarkar wane ba, kuma nemo shi da auna shi yana cikin bin hadisin. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan shiga fassarar abin da ya zo a kan habbatus sauda da zuma ba. Abin da na sani shi ne zuma kusan kashi 80 cikin 100 ɗinta suga ne, dabino ma haka yake da zaƙi, kuma na'ura ba ta bambanta sugan zuma da na rake. Mai shagon da ke ce wa mai suga ya sha zuma cokali uku safe da yamma, yana jingina cinikinsa da sunan addini, shi ya kamata a tambaya ina ya samo awon.

To ina matsayin zogale da hulba da kirfa da shuwaka da garahuni da habbatus sauda? Ba zan ce banza ba ne. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kan hulba da kirfa da habbatus sauda, wasu sun nuna ɗan sauƙin suga, wasu ba su nuna komai ba, kuma babu wanda aka bi shekaru aka ga ya kare ido ko ƙoda. Zogale da shuwaka yawancin abin da aka gani a kansu a jikin ɓeraye ne. A matsayin abinci kuwa, kwaɗon zogale da rama da miyar shuwaka sun fi wa mai suga alheri nesa ba kusa ba a kan malmalar tuwo uku, don suna cika ciki ba tare da sun ɗaga suga ba. Wato a ci su a kwano kamar yadda kakanninmu suka ci. Tafasa su a kaskon da ba a san awo ba a yi ta kwankwaɗa, wannan wani abu ne daban, kuma kirfar da ta fi yawa a kasuwa tana da sinadarin da ke taɓa hanta in an yawaita. Wanda ya nace sai ya haɗa, to ya kiyaye abu uku: kada ya ajiye na asibiti, ya gaya wa likitansa ko da zai sha faɗa, kuma ya riƙa aunawa.

Af, tuwon alkama da ake ta ɗora wa masu suga kamar shi ne magani: garin alkama ma yana ɗaga suga kusan kamar sauran. Girman malmalar ne abin dubawa, da abin da aka ci da ita.

Maganar warkewa kuma, wadda ita ce ta ja Baffa tun farko, akwai ɗan abin da ya yi kama da ita, sai dai ba a kwalba yake ba. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2017, an ɗora masu nau'in suga na biyu (irin wanda ya fi kama manya) masu ƙiba, waɗanda ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba, a kan tsauraran matakan rage abinci ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara guda kashi 46 cikin 100 sugansu ya dawo daidai ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 zuwa sama kuwa kashi 86 ne. Likitoci ba sa kiran wannan warkewa, cewa suke ciwon ya lafa, don yana dawowa in ƙibar ta dawo. Ga mai tumbi da aka gano nasa kwanan nan, wannan hanya ce ta gaske. Ga siririn dattijo irin Baffa, ba tasa ba ce.

Abin da na gaya masa a ƙarshe shi ne ya sa na'ura ta yi musu alƙalanci, gani ya kori ji. Akwai gwajin da ake kira HbA1c wanda ke nuna matsakaicin sugan wata uku da suka wuce, saboda ƙwayoyin jan jini kimanin kwana 120 suke rayuwa kuma suga yana manne musu. Ba a yi masa wayo da yunwar kwana ɗaya. Daga 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, kuma ga yawancin manya ana son a riƙe shi ƙasa da 7. Na ce ya je wajen mai jarka ya ce masa zai yi wannan gwaji yanzu, ya sake bayan wata uku, in bai sauka ba a mayar masa da kuɗinsa. Likita kullum a kan wannan sharaɗi yake aiki, in ƙwaya ba ta saukar ba shi da kansa zai ƙara ko ya canza. Baffa ya aika da saƙon. Amsar da ta dawo ita ce maganin ba ya son shakka, kuma na'urorin Bature ba sa ganin aikinsa.

Ya koma kan ƙwayarsa. Cikin ya dame shi mako uku sannan ya lafa. Da azumi ya matso muka koma aka gyara masa lokutan sha, aka kuma gaya masa in na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 ya karya, kuma sukar yatsa ba ta karya azumi. Ya yi ta gunaguni a kan wannan har sai da limamin unguwa ya tabbatar masa. Yanzu da safe yana kai-komo tsakanin 120 da 140, ranar da aka yi biki a gidan kuma ba ya yarda a auna. Jarkar an wanke ta, Inna tana zuba man gyaɗa a ciki. Abokin majalisar har yau yana shan nasa, ya shiga jarka ta bakwai, kuma duk ranar da na zo da na'ura sai ya tuna yana da uzuri a kasuwa.